Kafin Dattijon Agege Ya Sayar Da Gida Ya Hau Dutse

A Zangon Agege, da zarar gemu ya yi fari gwiwa ta fara ciwo, hirar mutum takan sauya alƙibla. Wanda ya shafe shekara arba'in yana maganar farashin huhun goro, ko kuɗin motar shanu daga Potiskum zuwa Oko-Oba, sai ka ji ya koma maganar fili da rijiya da 'yan tumaki, da wani ƙaramin gari mai sanyi a gindin dutse inda babu hayaƙin mota, babu ƙarar janareta, babu mai buga ƙofa yana neman kuɗin shara. Wasu garinsu na asali suke nufi, irin su Riruwai da ke cikin duwatsun Doguwa a kudancin Kano, ko ƙauyukan da ke kewaye da Dutse a Jigawa, ko Kwatarkwashi a Zamfara. Wasu kuwa, musamman waɗanda rashin tsaro ya rufe musu hanyar gida, sukan ɗaga ido nesa, su ambaci Jos, ko tsaunin Mambila da garuruwansa, Gembu da Nguroje da Maisamari, waɗanda 'yan kasuwar shanu suka daɗe da sanin sunayensu. Burin mai kyau ne, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. Sai dai ina ganin da yawa daga masu wannan buri suna lissafi da abin da ido ke gani, wato arhar ƙasa da daɗin iska, suna mantawa da abin da ya riƙe su tsawon rayuwarsu. Babbar dukiyar dattijon Agege ita ce mutanen da suka san shi, kuma wannan dukiya ba a loda ta a tirela. Ra'ayina shi ne ya je dutsen in yana so, ya zauna in ya samu wuri, amma kada ya sayar da gidansa na Agege ya yanke igiyar da ke tsakaninsa da zango domin ya cika wannan buri.

Sai an duba yadda zangon ya kafu kafin a gane dalilin faɗin haka. A da, fatake kan bi ta ƙasa da jakuna su je Gwanja su ɗauko goro. Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Legas, ta isa Ibadan a 1901, zuwa 1912 kuma aka haɗa Legas da Kano, sai cinikin ya juyo kudu. A daidai wannan lokaci gonakin koko da goro suka bunƙasa a kewayen Agege, irin na J.K. Coker a Ifako, ga kuma tashar jirgi a kusa. Hausawa suka zo aikin gona, suka zo sayen goro, suka zauna suna ɗaure huhu suna aikawa Arewa, daga baya cinikin shanu da fawa suka ƙara wa zangon ƙarfi. Irin wannan ciniki na nesa ba ya tafiya da takarda ko kotu. Yana tafiya ne da maigida, mutumin da ke saukar da baƙo, ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan mahauci ya ɗauki saniya bashi, sannan ya karɓi la'adarsa. Wani masani mai suna Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari dalla-dalla a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, kuma duk wanda ya san Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago ya san har yau ƙashin bayan kasuwar bai canza ba, ko da waya da banki sun shigo. Jarin maigida shi ne a san fuskarsa, a san bai taɓa cin amanar baƙo ba, a kuma san inda za a same shi idan magana ta taso.

Daga nan ne matsalar ritaya ta fara. Ma'aikacin gwamnati yana da ranar ajiye aiki, shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, kuma tun dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, yana da asusu da sunansa wanda ke biyan sa ko yana Ikeja ko yana Gembu. Amma asusun fansho da hukumar PenCom ta yi wa rajista sun ɗan haura miliyan 10 ne kawai a 2024, a ƙasar da ta wuce mutum miliyan 200, kuma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya sana'ar kansu suke yi ko ta wani, ba tare da albashin hukuma ko na kamfani ba. An ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho domin irin waɗannan a 2019, bai kuwa samu karɓuwar a-zo-a-gani ba. Dillalin shanu, da ɗan goro, da ɗan gwari, da ɗan canji, da mai gadi, da mai shayi, kusan dukkansu suna wajen wannan tsari. Abin da ke zaman fanshonsu shi ne 'yar la'adar da har yanzu ake ware wa Baba saboda yana zaune a rumfarsa, da ihsanin yaran da ya raina suka zama iyayen gidan kansu, da kuɗin hayar ɗakuna uku ko huɗu, da abin da mai zuwa gaisuwa kan damƙa masa bayan sallar Juma'a. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar a riƙa ganin mutum. Zumunta a ƙafa take. A shekarar farko bayan tashinsa yara za su riƙa turo kuɗi ta waya, ba don komai ba sai don kunya da ƙauna. A shekara ta uku wani dattijon ya gaji kujerarsa a rumfa, baƙinsa sun koma wani masauki, kuma masu aiken sun ragu zuwa 'ya'yan cikinsa, waɗanda su ma suna fama da nasu iyalin. Ba butulci ya kawo haka ba, tsarin ne aka gina shi a kan haɗuwa ta yau da gobe.

Mai son tafiya zai ce ai shi ya sa zai sayar da gida, ya riƙe kuɗinsa a hannu. Nan ne nake ganin kuskuren ya fi girma. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira, hauhawar farashi ta yi ta hawa har ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Kuɗin da aka ajiye a irin wannan yanayi narkewa yake yi, ko ba a taɓa shi ba, balle ga dangi da ke jin labarin Alhaji ya dawo da miliyoyi. Gida a Agege kuwa yana tafiya tare da farashi. Gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a 2021, da jirgin Legas zuwa Ibadan da ya fara aiki a shekarar da tasha a Agege, da jirgin cikin gari daga Agbado zuwa Oyingbo da aka ƙaddamar a 2024, duk sun ƙara wa ƙasar unguwar daraja, kuma mai ɗakin haya yana iya ɗaga kuɗinsa idan rayuwa ta yi tsada. Gidan da zai gina a ƙauyen dutse zai ci siminti da kwano da rodi a farashin da ya fi na birni saboda kuɗin mota, amma ranar da ya so sayarwa da wuya ya samu mai saye, haya kuwa babu mai kamawa. Wanda ya sayar a Agege yau, in ya yi nadama bayan shekara biyar, abin da ya rage masa ba zai saya masa ko rabin abin da ya bari ba. Ga kuma batun ƙasar da zai sauka a kanta. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin karkara yana hannun ƙaramar hukuma wajen ba da shaidar mallaka, amma a zahiri yana hannun dagaci da dangi da tarihi. Gonar gado da mutum ya bari shekara arba'in ƙanne da 'ya'yansu sun daɗe suna nomawa, suna ci daga gare ta, kuma zuwansa da niyyar karɓa yakan buɗe shari'ar da za ta cinye sauran shekarunsa.

Ba na so a ɗauka ina rage wa dutse daraja. Wanda ya ce Mambila na da daɗin zama gaskiya ya faɗa. Tsaunin yana da tsayin kusan mita 1,600 daga gaɓar teku, a yankinsa ne kuma dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane tsayi a Nijeriya da mita 2,419. Ciyawa shar, ƙoramu na gudu, shanu na kiwo ba fargabar ƙudan tsando, ana noman ganyen shayi a Kakara, ga ayaba da piya da masara da madara mai arha, sauro kuma bai kai na Kurmi ba. Turawan mulki ma Jos suke zuwa hutawa idan zafin ƙasar ya ishe su. A ɗaya gefen, Legas tana cin jikin tsoho a hankali: zafi mai gumi, ambaliya da damina, cunkoson mota da ke mayar da ziyarar asibiti aikin yini guda, da iskar da Bankin Duniya ya ƙiyasta ta jawo mutuwar mutum fiye da 11,000 a birnin a shekarar 2018 kaɗai. Duk wanda ya shaƙi hayaƙin hanyar Abeokuta shekara da shekaru yana da haƙƙin ya yi marmarin iska mai tsabta.

Amma iska mai tsabta tana kare mai lafiya ne, ba ta warkar da wanda ciwo ya riga ya kama, kuma tsufa ba ya zuwa shi kaɗai. Kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya suna da hawan jini, adadin kuma ya fi haka nesa a tsakanin waɗanda suka haura sittin. Ga ciwon sukari, ga ciwon ƙoda, ga matsalar fitsari da ke damun tsofaffin maza suna ɓoyewa, ga yanar ido. Shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya kuwa sa'o'in farko ne ke raba wanda zai tashi da wanda zai kwanta har ƙarshen rayuwarsa. Dattijon da ke Agege yana da babban asibitin Orile-Agege a kusa, yana da asibitin koyarwa na jihar a Ikeja, yana da na jami'ar Legas a Idi-Araba, a tsakiyar wata unguwar Hausawan. Wanda ke Gembu yana da babban asibitin garin, amma idan ciwo ya fi ƙarfinsu sai an gangara da shi ta Nguroje da Maisamari, a sauko hawan Mayo Selbe mai lanƙwasa da ramuka masu zurfi a gefe, a wuce Serti da Bali, tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin a kai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Jalingo. Wanda ke Riruwai sai an ratsa da shi dajin Falgore kafin a kai Asibitin Malam Aminu Kano. Sanyin da ake yabo shi ma yana da nasa haraji: yana ɗaga hawan jini, yana tayar da sanyin ƙashi, yana sa a kwana da wutar itace a ɗaki, hayaƙinta kuma ba ya ƙyale huhun tsoho. Allurar ciwon sukari tana son firji, firji yana son lantarki, ga shi madatsar ruwan Mambila mai megawat 3,050 da ake maganarta tun shekarun 1970 har yanzu ba a gina ta ba. Za a ce asibitocin Legas suna da tsada da dogon layi, kuma haka ne. Sai dai a Agege idan likita ya rubuta kuɗin aiki, akwai masallaci da za a yi sanarwa, akwai majalisar da za ta yi karo-karo, akwai saurayin da zai ba da jini, akwai mai mota da zai tashi da tsakar dare saboda Baba ne. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun marar lafiya yake fitowa, wannan jama'ar ita ce inshorarsa.

Akwai kuma maganar baƙunta, wadda masu tafiya suke ɗauka za su rabu da ita. A Legas Bahaushe baƙo ne, ko an haifi kakansa a Zango, amma baƙo ne mai kafaffen gida: yana da Sarkin Hausawa da fadarsa, yana da limamai da makarantun allo da na Islamiyya, yana maƙwabtaka da makarantar Markaz da Shehu Adamu al-Ilori ya dawo da ita Agege a tsakiyar shekarun 1950, yana da sarakunan kasuwa da ke shiga tsakaninsa da hukuma, yana da maƙabartar da aka rufe iyayensa. Fiye da shekara ɗari aka yi ana gina wannan. A Mambila zai zama baƙo ne daga farko. Yankin bai shigo Nijeriya ba sai da ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, Fillanci ne ya fi tafiya a kasuwanninsa, kuma ƙasa ita ce abin da ya fi komai zafi tsakanin manoman Mambila da Fulani makiyaya, kamar yadda rikicin watan Yuni na 2017 ya nuna da asarar rayuka da dukiya. Sabon zuwa da kuɗin Legas yana neman fili mai faɗi ya sa ƙafa cikin rigimar da bai san farkonta ba. Jos kuwa ta ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, kuma tambayar wane ne ɗan ƙasa wane ne ɗan zuwa ta raba unguwanninta har yau. Ko a garin haihuwa baƙuntar ba ta ƙarewa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sa'o'insa sun rasu ko sun tsufa cikin wata rayuwa da bai yi tarayya a cikinta ba, matasa ba su san shi ba sai da sunan Alhajin Ikko, kuma wannan suna a yankunan Zamfara da Katsina da Kaduna yana iya zama haɗari, domin masu garkuwa da mutane suna da masu kai musu labarin wanda ya dawo da kuɗi da wanda 'ya'yansa ke birni. A tarihinmu dutse mafaka ne. A gindin Dala Kano ta tashi, Zazzagawa sun zauna a Kufena, kuma a shekarun 1840 Malam Hamza da jama'arsa sun bar Tsakuwa suka fake a duwatsun Ningi inda dawakin sarakuna ba sa iya hawa. Wahalar isa wurin ce ta kare su. A yau wannan wahalar ce ke hana jami'an tsaro da motar asibiti isowa, kuma mamayar da 'yan ta'adda suka yi wa Gwoza a 2014 ta nuna cewa dutse yana fakar da mai ɓarna kamar yadda yake fakar da mai gudu.

Hujja mafi ƙarfi da ke gaban mai ra'ayi irin nawa ita ce Legas ɗin ma ba tabbas gare ta ba. Dattijon da ya ga rikicin Ketu a 1999, da na Idi-Araba a 2002, da na Mile 12 a 2016, ya ga hana acaba a manyan sassan birnin a 2020 da 2022, ya ji wa'adin tashi da aka ba mazauna Alaba Rago a 2022, yana da dalilin da zai ce ba ya son ya tsufa a inda wata rana za a iya ce masa ya kwashe kayansa. Ban ɗauki wannan tsoro da wasa ba. Amma abin da yake koyarwa shi ne mutum ya mallaki wuri na biyu, ya samu inda zai kai iyali idan ƙura ta tashi. Bai koyar da a rabu da na farko ba, domin wanda ya sayar da Agege ya tattara komai a gari ɗaya ya sake komawa mai wuri ɗaya, kuma a yankin da tashin hankalinsa a shekarun nan ya fi na Legas yawa. Dole kuma a bambanta. Mai gida da takardunsa a Agege daban yake da wanda ya kwana shekara talatin a rumfar kasuwa ko ɗakin haya, iyalinsa na Arewa. Na biyun ba shi da abin sayarwa, kuma ranar da ƙarfinsa ya ƙare kuɗin haya zai kore shi. Shi komawa ta zame masa dole, kuma abin da ya fi masa shi ne ya koma da wuri, yana da sauran ƙarfin riƙe fartanya da sauran sanayya a garin, kada ya jira sai ciwo ya sa an ɗora shi a motar dare.

Wadda ba a cika tambaya ba a duk wannan shawara ita ce uwargida. Sau da yawa an haife ta a Agege, ko an kawo ta tana yarinya. A nan take sana'arta ta cikin gida, a nan adashinta yake, a nan ƙawayenta na biki da suna, a nan 'ya'yanta mata ke aure, jikokinta kuma Yarbancinsu ya kai Hausarsu. Maigida yana hango kansa a inuwa yana kallon tumaki, amma ɗiban ruwa a gangare, da neman itace, da jinyar tsoho ba tare da 'ya ko maƙwabciyar da aka saba da ita ba, duk a kanta za su sauka. Kuma da yake mata sun fi mazajensu ƙuruciya a yawancin gidajenmu, ita ce za ta rage. Za ta yi takabar wata huɗu da kwana goma a cikin mutanen da ba su san ta ba, sannan a raba gado a ba ta tumuni, ko ta raba tumunin da abokan zamanta, daga gidan da ba shi da mai saye. Da gidan Agege yana nan, da kuɗin hayarsa ya riƙe ta, da kuma tana da ɗakin komawa kusa da 'ya'yanta. Namijin da ya yanke shawarar tashi ba tare da ya zauna da Hajiya ya ji ta bakinta da gaske ba ya ɗauki alhakin shekarun da ba zai kasance a cikinsu ba.

A ƙasashen da wannan ƙaura ta zama ruwan dare ma darasin bai sauya ba. Ƙananan garuruwan tsaunukan Italiya, irin su Sambuca a tsibirin Sisili, sun sa tsofaffin gidaje a kasuwa daga yuro ɗaya, kuma a 2019 gwamnatin ƙasar ta fara karɓar harajin kashi 7 cikin 100 kacal daga 'yan fanshon waje da suka koma garuruwan kudu masu ƙasa da mutum 20,000. Japan ta ƙirga gidaje miliyan 9 da babu kowa a ciki a 2023, da yawa a karkara. Arhar nan alama ce ta cewa matasa sun tafi, makaranta da shago da likita sun bi su. Baturen da ya amsa wannan kira yana zuwa ne da fansho mai shigowa kowane wata da katin asibiti mai aiki a ko'ina, abubuwa biyun da dattijonmu ba shi da su.

To wa tafiyar ta dace da shi? Ta dace da wanda bai taɓa yanke ƙafa ba, wanda ya riƙe tsohuwar al'adar ci-rani ko da ya yi arziki: yana zuwa da damina, yana da gonar da kowa ya san tasa ce, ya aurar da 'ya a garin, ana ganinsa a jana'iza da ɗaurin aure, liman da dagaci sun san muryarsa. Irin wannan ba ƙaura yake yi ba, yana ƙara tsawon zaman da ya saba ne. Wanda kuwa yake son garin da ba nasa ba, hanyar hankali ita ce ya fara tun yana cikin shekarunsa na hamsin, ya kama haya maimakon gini, ya ga damina ya ga hunturu a wurin, ya gwada hanyar asibiti da kansa a watan Agusta lokacin da ruwa ya ɓata ta, ya tambayi inda ake samun maganin da yake sha da ko ana yankewarsa. Sannan ya je da abin yi. Nan ne ma nake ganin dattijon Agege yana da abin da garin dutse ke matuƙar buƙata. Manomin dankalin Turawa a Bokkos ko Mangu, da mai kiwo a Nguroje, da mai tumatir da barkono a kudancin Kano, babbar matsalarsu ita ce ba su san wanda za su amince wa a Mile 12 ko Oko-Oba ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in a waɗannan kasuwanni yana iya zama wakili a tushen kaya, yana saye yana lodi, ɗansa ko yaronsa yana karɓa a Legas. Ta haka sunansa ba ya mutuwa a zango, a sabon garin kuma ana ganinsa a matsayin mai kawo kasuwa maimakon mai kuɗin da za a roƙa. Sharaɗin wannan duka shi ne ƙarshen igiyar na Legas ya kasance a ɗaure: gida yana nan da takardunsa, an rubuta yarjejeniyar haya da sunan wanda zai karɓa, an bar ɗaki ɗaya a kulle domin ranar da za a zo ganin likita.

Saura masu cewa suna so ne ƙasar iyayensu ta rufe su. Wannan buri yana da nauyi a zuciya, ba na jayayya da shi. Abin da na sani shi ne Musulmi ba ya ajiye gawa, inda ajali ya same shi nan ake yi masa sutura, kuma abin da mamaci ke amfana da shi shi ne yawan masu sallatarsa da masu yi masa addu'a bayan an watse. Ga mutumin da ya yi rayuwarsa a zango, waɗannan suna Agege.

Da yawa daga dattawan da ke barin Agege ba dutse ne ya kira su ba, rashin tanadi ne ya tura su, kuma wannan nauyi yana kan zangon kansa. Al'ummar da ta iya tsara cinikin shanu na biliyoyin naira da amana kawai tana iya tsara tsufan mutanenta. Tun 2022 doka ta wajabta inshorar lafiya a Nijeriya, jihar Legas kuma tana da nata tsarin mai suna Ilera Eko, wanda ƙungiyar mahauta ko ta 'yan goro ko ta 'yan gwari za ta iya shigar da tsofaffinta a ciki a dunƙule, ta biya daga ɗan abin da ake cirewa a kan kowace mota da ta sauke kaya. Fadar Sarkin Hausawa da kwamitocin masallatai suna iya taimaka wa gidajen gado su daidaita takardunsu kafin rikicin magada ya tilasta a sayar wa ɗan kasuwar gine-gine da araha. Attajiran zango, waɗanda ba sa ƙyashin gina masallaci na uku a layi ɗaya, suna iya yin waƙafin 'yan ɗakuna domin tsofaffin masu gadi da 'yan ga-ruwa da ba su da kowa a nan ko a can. Gidan haya ɗaya mai ɗaki goma a bayan tashar jirgi, idan aka tsayar da kuɗinsa kan magani da abinci, zai riƙe dattawa da dama da yanzu ake haɗa wa kuɗin mota a masallaci a sallame su zuwa garin da suka bari tun suna samari.